Naɗar wasannin bidiyo da ƙwaƙwalwar kwamfuta mai cibiyoyi da yawa

Naɗar wasan bidiyo na nufin adana hotunan da ke gudana a fuskar kwamfuta yayin da mutum yake wasa, domin a kalla daga baya ko a ɗora a intanet.

Aikin yana da nauyi, saboda kwamfutar na tafiyar da wasan, a lokaci guda kuma tana ɗaukar hotuna 30 ko 60 a kowace daƙiƙa tana matse su don rage girmansu.

Idan ba a matse ba, minti ɗaya na bidiyo mai faɗin 1920 da tsayin 1080, a kan hotuna 30 a daƙiƙa, kan cinye kimanin gigabait 11.

Daga cibiya ɗaya zuwa huɗu

Kafin shekarar 2005, ƙwaƙwalwar galibin kwamfutocin gida cibiya ɗaya gare ta, wato sashen da ke gudanar da lissafi. Da an fara naɗa, sai wasan ya riƙa sarƙewa.

Manhajar Fraps, wadda ta fito a 1999, kan sassauta matsewar domin rage wa cibiyar nauyi, abin da ke sa bidiyon ya yi girma ainun.

A 2005 ne kamfanin Intel ya fitar da Pentium D, AMD kuma ya fitar da Athlon 64 X2, kowace da cibiya biyu. Core 2 Quad mai cibiya huɗu ta biyo baya a 2007.

Da yake yawancin wasannin lokacin cibiya ɗaya suka fi dogara da ita, sai sauran suka ɗauki aikin naɗa.

Sauyin da ya biyo baya

Intel ya ƙaddamar da Quick Sync a 2011, Nvidia kuma NVENC a 2012, waɗanda sassa ne na musamman da ke matse bidiyo ba tare da sun gajiyar da cibiyoyin ba. Manhajar OBS ta kyauta, wadda ta fito a 2012, tana aiki da dukkansu.

Don haka ga matashin Rabah ko Wurno da zai sayi kwamfuta 'yar gwanjo a Sakkwato, yawan cibiyoyi kaɗai bai wadatar ba. Ya kamata ya duba ko tana da irin wannan sashe, domin bidiyon da aka matse sosai shi ne ke rage kuɗin data wajen ɗorawa.