TARIHIN JIRAN LODIN A WASANNIN BIDIYO: DAGA KASET ZUWA SSD



Duk wanda ya taɓa zama a bencin gidan gem ya san wannan jiran. Mun biya kuɗin wasa ɗaya, mun zaɓi kulob, sai allon talabijin ya yi baƙi, faifai yana ta ƙugi a cikin na'ura, 'yan layi kuma suna cewa mu yi sauri. Yau ƙannenmu da 'ya'yanmu ne ke zuwa da nasu kukan: kwamfuta tana jan ƙafa wajen buɗe wasa, a ba su kuɗi su je Computer Village a Ikeja su ƙara mata kaya. Kafin mu sa hannu a aljihu, ya kamata mu san inda wannan jira ya samo asali, don kada mu sayi maganin ciwon kai alhali ciki ne ke ciwo.

Shi lodin kamar girki ne. Wasan yana ajiye a ma'adana kamar hatsi a rumbu. Sai an ɗebo shi, furosesa ta surfe ta daka, sannan a zuba a RAM, wato tukunyar da ake ci daga cikinta. Duk inda aka samu mai sanyin jiki a wannan layi, a nan ake yin jira.

A shekarar 1982 aka fitar da ZX Spectrum a Ingila da Commodore 64 a Amurka. Yawancin wasanninsu a kaset suke zuwa, irin kaset ɗin da muke sa wa rediyo. Mutum zai danna, ya zauna wajen minti biyar yana sauraron tsuwa, in aka samu kuskure ɗaya kuma sai ya mayar da kaset baya ya faro daga farko. A ɗaya gefen akwai katirij, irin na Atari 2600 ta 1977 da Famicom da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, wadda kwaikwayonta suka cika kasuwanninmu daga baya, da Super Mario da bindigar harbin agwagi. Katirij ba ya sa jira, domin furosesa tana karanta shi kai tsaye. Aibinsa biyu ne: tsada da ƙaramin ciki.

A watan Disamba na 1994 Sony ya fito da PlayStation mai amfani da faifan CD. Faifai ɗaya yana ɗaukar megabait 650, ga arha wajen bugawa, yayin da katirij mafi girma na Nintendo 64, wadda ta fito a 1996, bai wuce megabait 64 ba. Wannan ne ya sa kamfanin Square ya bar Nintendo ya kai Final Fantasy VII wurin Sony a 1997, a kan faifai uku. Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Na'urar tana karanta kusan kilobait 300 ne kacal a daƙiƙa, kuma sai idon da ke karatun ya yi ta kai da komo yana neman inda bayanin yake. Daga nan jira ya dawo.

Da masu ƙirƙirar wasanni suka ga ba yadda za su yi, sai suka koma ɓoye shi. Ƙofar nan da ke buɗewa a hankali a Resident Evil na 1996, wadda take sa gabanmu faɗuwa, lodin ɗaki na gaba ake yi a bayanta. Haka dogayen lif na Mass Effect a 2007. Kamfanin Namco kuwa ƙaramin wasan Galaxian ya sa wa masu jiran Ridge Racer, ya kuma yi wa dabarar rajistar mallaka, wadda ba ta ƙare ba sai a 2015.

Abin mamaki, da na'urori suka ƙara ƙarfi sai jiran ya ƙaru. Mu duba lissafin. PlayStation ta farko tana da RAM megabait 2, cika shi ba ya wuce daƙiƙa bakwai. PlayStation 4 ta 2013 tana da gigabait 8, wato ninki dubu huɗu, amma faifan ajiyarta mai juyawa, wanda masu gyara ke kira HDD, da ƙyar yake kai megabait 100 a daƙiƙa. A ɗebo gigabait 5 kawai sai an yi daƙiƙa hamsin. Tukunya ta zama ta gidan biki, mai ɗebo hatsi kuma har yanzu da ɗan ƙoƙo yake zuwa. Har ta kai ana maimaita hoton abu ɗaya sau ɗaruruwa a cikin faifai, don kawai a rage wa allurar yawon nema.

SSD ce ta warware wannan ƙulli, domin babu abin da ke juyawa a cikinta, babu allura, babu nema. Mai amfani da layin SATA tana kai kusan megabait 550 a daƙiƙa, ta NVMe kuma daga 3,500 zuwa 7,000 har sama. A watan Nuwamba na 2020 PlayStation 5 ta zo da SSD mai gigabait 5.5 a daƙiƙa, Xbox Series X kuma 2.4. Jiran minti guda ya koma na 'yan daƙiƙoƙi.

To amma masu kwamfuta sun lura da wani abu. Wanda ya tashi daga HDD zuwa SSD ta SATA ya ga canji ƙarara. Wanda ya ƙara kuɗi ya koma NVMe, a tsofaffin wasanni da dama ɗan bambancin da ya gani bai taka kara ya karya ba. Dalili shi ne hatsi ya iso da wuri, amma mai daka ɗaya ce. Bayanan wasa a dunƙule suke zuwa, sai furosesa ta warware su. Shi ya sa Microsoft ya fitar da DirectStorage ga kwamfutoci a 2022, don katin hoto ya taya ta aikin.

Wani lokacin ma laifin ba na ƙarfe ba ne. Shekaru masu wasan GTA Online suka yi suna jira mai tsawo, wasu suna ta sayen sababbin kaya a banza. A Fabrairun 2021 wani mai rubuta manhaja da ke kiran kansa t0st ya gano cewa wasan yana ta maimaita karatun wani fayil mai megabait 10 da jerin kayayyaki kusan 63,000. Da ya gyara, jiransa ya sauko daga minti shida zuwa ƙasa da biyu. Kamfanin Rockstar ya amince da binciken, ya saki gyara a watan Maris, ya kuma ba shi dala 10,000.

Saboda haka idan yaro ya zo da kukan lodin, mu fara tambayarsa wace irin ma'adana ce a kwamfutar. In HDD ce, SSD ko da mai arha ce ita ce gaba da komai. Ƙarin RAM yana taimakawa ne idan wanda ke ciki ya kasa abin da wasan ke buƙata, in ya riga ya isa ba zai rage jira ba. Katin hoto mai tsada kyan hoto da santsin motsi yake ƙarawa, ba kasafai yake taɓa lodin ba. Kafin a sayi NVMe a tabbatar kwamfutar tana da gurbinta. In kuma wasan na intanet ne, wani jiran na sabis ne, babu abin da za a sayo a shago ya magance shi.

Mu tambaya kafin mu biya, domin kuɗin nan da gumi muka samo su.