DAGA SORO ZUWA KWANO: TARIHIN ISKA DA DUHU A ƘASAR ƘANƘARA, FASKARI DA SABUWA

Ma'abota wannan fili, na san da yawanku ci gaban labarinmu kuke jira a wannan mako, to ku yi mini afuwa, yau babu zancen soyayya a bakina. Dalili kuwa shi ne, daren jiya hadari ya taso mana da iska, aka ɗauke wuta tun kafin ɗigon farko ya sauka. Ina zaune cikin duhu, gumi na tsiyaya, ina jin kwanon maƙwabta yana kaɗawa, sai zuciyata ta koma gida, ta tuno mini wani dare da ban taɓa ba ku labarinsa ba.

Ni dai 'yar ƙasar Ƙanƙara ce, daga wani ƙauye da ke kan hanyar Sheme, dangin mahaifiyata kuma suna Sabuwa. Lokacin da muke makaranta ƙawayena sukan tsokane ni su ce, "Ku da garinku sunansa Ƙanƙara, me zafi zai yi muku?" Nakan yi dariya kawai, domin sunan ne kaɗai ke da sanyi. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙananan hukumomi uku ne a kudancin Jihar Katsina, mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta Tarayya, sun jingina da Zamfara ta yamma, Sabuwa kuma ta haɗa iyaka da ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Ƙasa ce ta masara da dawa da auduga, ruwan samanta ya fi na Katsina da Daura yawa. Inda ruwa ya yi yawa kuwa, nan hadari ke yin sarauta.

Duk wanda ya tashi a can ya san yadda abin ke zuwa. Daga watan Maris zuwa Mayu bazara take, rana takan ƙwalle har ma'aunin zafi ya kai 40 ko ya haura. A wannan lokacin ne iska mai laima da ke tasowa daga teku ta kudu take turo busasshiyar iskar Sahara baya, ƙasa kuma ta yi zafi ƙwarai, sai giragizai su yi ta hawa sama suna tattaruwa. Can sama akwai wata iskar da ke kora su daga gabas zuwa yamma, shi ya sa tsofaffinmu in za su duba hadari gabas suke kallo. Kafin ruwan ya iso, iska mai sanyi takan sulmiyo daga cikin giragizan ta daki ƙasa, ta yi gaba da gudu tana kwasar ƙura. Ita ce wannan jar guguwar da ke riga ruwa isowa, kuma ita ce mai ɓarna. Hadarin farkon damina da na kaka sun fi kowanne iska. Na tsakiyar Agusta ruwa ne zalla.

To, wannan iskar ba baƙuwa ba ce, da ita kakanninmu suka rayu, kuma da saninta suka yi gini. Talaka yana da ɗakinsa na ciyawa, zagayayye, iska ta zo ta kewaye shi ta wuce. In ma ta ɗebe jinkar, ciyawa ce da kara, maƙwabta su taru su mayar kafin azahar. Mai ɗan hali kuwa soro yake yi. A yi tubali na ƙasa, a tada bango mai kauri, a jera azara ta giginya wadda gara ba ta cika ci ba, a zuba ƙasa a kai, a yi masa rawani, a saka indararo, sannan a shafe shi da makuba ta kwasfar ɗorawa ko katsi na marina. Rufin da ya yi wannan nauyi iska ba ta da inda za ta kama shi. Bugu da ƙari, gari yana cikin itatuwa: kuka, ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, rimi. Kafin iska ta iso bakin ƙofa sun riga sun karya mata lago.

Amma kada ku ɗauka ina cewa soro ba shi da aibu. Soro ɗan lele ne, kowace shekara sai an yi masa yaɓe, in aka yi sake marka ta jiƙa shi a Agusta, ruftowa yake a kan masu barci. Wannan wahalar ce ta sa da kwano ya bayyana mutane suka rungume shi hannu bibbiyu.

Kwano kuwa bayan auduga ya biyo. A 1929 aka kammala layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, ya ratsa ta Funtuwa da Gusau. Funtuwa ta zama cibiyar auduga da injin gurzarta, Turawa kuma suka kafa gonar gwajin iri a Daudawa ta ƙasar Faskari. Jirgin da ke fita da auduga shi ke dawowa da kayan kanti, ciki har da kwanon rufi. Da farko sai a ofisoshin En'e da kantuna da gidajen manyan 'yan kasuwa ake ganinsa. Sai a shekarun 1970, da kuɗin man fetur suka shigo, aka raba wa ma'aikata kuɗin Udoji, sannan kwano ya fara shiga ƙauye. Ya zama ma'aunin arziki. Iyayen yarinya in za su yabi manemi sai ka ji an ce, "Ai ɗakinsa na kwano ne."

Haka mahaifinmu ya yi, Allah Ya jiƙansa. Wata shekara auduga ta yi kuɗi, ina aji biyu na sakandare, ya tada ciki da falo, ya sayo kwano daga Funtuwa, kafinta ya buga shi a kan katako da ƙusa. Muka tare muna murna. Kakarmu Iya ce kaɗai ta ƙi motsawa daga tsohon soronta, ta ce ita ba za ta kwana cikin tukunya ana hura mata wuta daga sama ba. Muka riƙa yi mata dariya.

Ba a rufa shekara ba, wata ranar da yamma bayan la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin, ƙasan hadarin kuma ya yi ja. Iya ta fito tana faɗa, a kife madubi, mai jan zane ta canza, a kashe wutar murhu. Kafin a gama kora awaki iskar ta iso. Ladan ya hau kiran salla, kamar yadda aka saba in iska ta tsananta. Muna cikin falo muka ji ƙusoshi suna kuka ɗaya bayan ɗaya, sai kawai muka ga sama a kanmu. Rufin gaba ɗayansa, har da katakon, ya tashi kamar an buɗe faifai. A wajen gudu wani falle ya dawo ya sami ƙanena a cinya. Baba ya ɗaure wurin da rawaninsa, aka ɗauke shi cikin ruwan nan a kan amalanke zuwa bakin titi. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma har yau da ɗingishi yake tafiya.

A daren nan mu goma sha ɗaya muka kwana a soron Iya. Ina rakuɓe bakin ƙofa ina rawar ɗari, ta miƙo mini zanenta ta ce, "Matso nan kishiya, ɗakin da kuka raina yau shi ya rufa muku asiri." Da gari ya waye muka tsinto kwanonmu a gonar mutane, ya nannaɗe kamar tabarma. Kuɗin magani da na sabon rufi suka sa Baba ya sayar da shanun huɗarsa, ga damina ta kama. Noman shekarar bai yi auki ba, ni kuma na yi zango guda cur a gida saboda babu kuɗin komawa makaranta. Tun daga ranar na gane ma'anar karin maganar nan da ke cewa iska na wahalar da mai kayan kara.

Kwano ya zo mana da abu na biyu, wato zafi. Soro yakan tsare rana a waje, ruwan randa ya yi sanyi a lungunsa. Ɗakin kwano mara silin kuwa da azahar tanderu ne. Ka ga ke nan wanda ya yi kwano dole ya nemi fanka, mai fanka kuma dole ya nemi wuta. A nan tarihinmu ya haɗu da na lantarki.

A 1950 aka yi dokar kafa hukumar lantarki ta ECN, a 1962 aka kafa hukumar madatsun ruwa ta kogin Kwara, wadda ta gina Kainji aka gama a 1968. A 1972 aka haɗe su biyun suka zama NEPA. Jebba ta biyo baya a 1985, Shiroro a 1990. Wutar da ke zuwa yankinmu doguwar tafiya take yi, daga Kaduna ta biyo Zariya ta sauka Funtuwa, sannan a rarraba ta a kan turaku cikin gonaki da daji. Garuruwa da yawa sai a zamanin da Janar Babangida ya kafa hukumar raya karkara ta DFRRI a 1986, aka kuma ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, suka fara ganin turakun, wasu ƙauyukan kuwa har yau labari suke ji. A 2005 NEPA ta koma PHCN, a watan Nuwamba na 2013 aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa, Katsina da Kano da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Suna ya yi ta canzawa, amma turke turke ne. Iskar da ta ɗebe kwano ita ke kayar da shi, tsawa kuma ta ƙona taransifoma, a daidai watannin da aka fi bukatar fanka. Abin dariya abin takaici, a wannan jiha tamu aka kafa injinan samar da wuta daga iska guda 37 a Lambar Rimi, masu ƙarfin megawat 10, tunanin da ya faro tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, amma aikin ya shafe fiye da shekara goma yana jan ƙafa.

A da, in zafi ya yi zafi ba wuta, maganin a hannu yake. A yayyafa ruwa a tsakar gida, a shimfiɗa tabarma, mata da yara a ciki, maza a ƙofar gida, kowa da maficinsa, har asuba. Wannan ma yanzu ya gagari mutanenmu da yawa. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, musamman bayan daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, wa zai kwana a waje? Sai a kulle ƙofa da taga a kwana cikin gumi, a zaɓi zafi a kan tsoro. A 2021 kuma, cikin matakan tsaro, gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka, aka rufe wuraren cajin waya na kuɗi, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, ciki har da namu ukun, tun daga Satumba. Mai janareto ya rasa mai, mai waya ya rasa caji, wanda ke birni ya rasa jin ko iyayensa sun kwana lafiya.

Shekarar 2024 ta tara mana duka biyun. Azumi ya faɗo daga Maris zuwa Afrilu, cikin wani zafi da ya game yankin Sahel, har a garin Kayes na ƙasar Mali ma'auni ya kai 48.5 a ranar 3 ga Afrilu. Ga fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi a Mayun 2023, ƙanƙarar buɗa-baki ta zama sai mai hali. A watan Oktoba kuma, bayan an lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke kawo wuta ta Binuwai ya samu matsala, akasarin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Masu niƙa, masu walda, teloli, masu sayar da zoɓo da kunun aya, kowa ya ji a jikinsa.

Ya 'yan'uwana, in muka dubi wannan tarihi za mu ga iskar ba ta canza hali ba, mu ne muka canza mazauni. Mun bar rufi mai nauyi muka ɗauki mara nauyi, muka sare ɗorawa da kaɗanya muka yi gawayi, muka ajiye randa muka dogara da firjin da ransa ke hannun wata waya mai tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ba cewa nake a koma soro ba, ni kaina a ƙarƙashin kwano nake rubuta wannan. Amma mai gini zai iya sa magini ya binne ƙarfe a cikin bango a ɗaure katakon rufi da shi, a tada rawani ya rufe bakin kwanon, domin ta nan iska ke samun shiga ta ɗaga shi. Kafin watan Afrilu a kira kafinta ya bi ƙusoshi. A dasa ko darbejiya ce ta gabashin gida, nesa kaɗan da ɗaki. In hadari ya taso a shigar da yara, kada a fake a gindin itace, kada a taɓa wayar da ta faɗi ƙasa. Masu hannu da shuni kuma, in za a yi sadaka mai gudana, a tuna da asibitocin ƙauye, a sa musu sola, saboda mai naƙuda ba ta jiran a dawo da wuta.

Bara na je gida na tarar soron Iya ya zama tudun ƙasa, shekara da shekaru ba mai yaɓe tun bayan rasuwarta. Randarta ce kawai ƙanena ya ɗauke ya kai ɗakinsa, ya girke ta a kan yashi, daga ita na sha ruwa ranar da na sauka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga sharrin iska da tsawa, Ya dawo wa ƙasarmu da zaman lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗora labarinmu daga inda muka tsaya. Wassalam.