Yadda Kiristoci Suke Kare Aƙidarsu a Kan Alheri, Sharri da Bangaskiya

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Kiristoci suna da fannin ilimi na kare addininsu da hujja, kwatankwacin ilmul kalam a wurinmu. Ba sai ka je nesa ba kafin ka gamu da shi. A ƙasar Malumfashi, Kafur da Bakori akwai Hausawa Kiristoci, galibinsu jikokin Maguzawa, 'yan ECWA da Katolika. Littafinsu ya fito da Hausa tun 1932, da ƙoƙarin Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa. A 2023 kuma ɗan Malumfashi, Gerald Musa, ya zama bishop na farko na Katolika a Katsina. Gona ɗaya muke haɗa iyaka da su, kasuwar Funtuwa ɗaya muke kai masara.

Tambayar da ta fi cin ƙarfin malamansu ita ce wadda ɓarayin daji suka sa a bakin kowa a yankin nan: in Allah Mai iko ne kuma Mai rahama, don me ya bar azzalumi ya ƙone rumbun talaka?

Ɗaya daga cikin tsofaffin amsoshinsu ta Agustin ce, bishop na garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya mutu a shekarar 430. Ya ce sharri ba halitta ba ce mai zaman kanta, rashin alheri ne, kamar yadda duhu yake rashin haske. Allah ya ba mutum zaɓi, mutum ya karkatar da shi. Suna kuma kawo ƙissar Annabi Ayuba (AS) don nuna cewa bala'i ba kullum yake zama sakamakon laifi ba. Wannan na ƙarshe ba baƙo ba ne a kunnen Musulmi.

Inda hanya ta rabu shi ne zunubin gado. Suna kafa hujja da wasiƙar Bulus ga Romawa, babi na 5, cewa saɓon Annabi Adamu (AS) ya ɓata ɗabi'ar zuriyarsa kaf, har ba mai iya wanke kansa da aikinsa. Daga nan buƙatar gicciye ta taso a wurinsu: Almasihu, in ji su, ya ɗauki hukuncin a madadin mutane. Mu kuwa Suratul Baƙara ta sanar da mu cewa Adamu ya tuba kuma an karɓi tubarsa, Suratun Nisa'i ta kore gicciye, jariri kuma a kan fiɗira ake haihuwarsa, ba bashin kowa a wuyansa.

Ka lura da kalmomi, don nan ne na ga samarinmu suna shan kaye a muhawara. In ya ce “bangaskiya”, ba tasdiƙi kaɗai yake nufi ba, dogaro yake nufi da cewa mutuwar Almasihu ta biya masa. In ya ce “alheri”, kyautar ceto yake nufi wadda ba a samunta da aiki. 'Yan ECWA sun tsananta a kan wannan, Katolika kuwa suna ba ayyuka da ibadojin coci matsayi. Kafin ka yi masa raddi, tambaye shi cocin da yake zuwa da abin da yake nufi da kalmarsa, sannan ka yi jayayyar da hanya mafi kyau kamar yadda Suratul Ankabut ta umarta.

Wallahu a'alam.