Tsoron fiɗa da tarihin maganinsa

Da yawanmu mun taɓa raka majinyaci babban asibitin Damagaram, likita ya duba ya ce sai an yi aiki. Daga jin kalmar nan jikin mutum ya yi sanyi, wani ma ya ce a mai da shi gida ya sake shawara. Wannan tsoron tsoho ne, kuma likitoci sun daɗe suna neman maganinsa.

Kafin shekara ta 1846, ko a Turai, ido biyu ake yi wa mutum fiɗa, ƙarti na danne da shi. A ranar 16 ga Oktoban wannan shekara, a asibitin Massachusetts General da ke Boston ta Amurka, wani likitan haƙori, William Morton, ya shaƙa wa majinyaci sinadarin ita, aka cire masa ƙari a wuya yana barci. A 1847 James Simpson na Edinbara ya fara aiki da kulorofom. Zafin wuƙa ya kau, amma fargabar daren jajibirin aiki tana nan.

A wancan asibitin na Boston dai, likitan sa barci Lawrence Egbert da abokan aikinsa suka gwada wani abu mai sauƙi. A 1964 suka ba da sakamako: majinyatan da aka zauna aka yi musu bayanin abin da za su ji bayan aiki, da yadda za su yi da zafin, kusan rabin maganin kashe zafin da sauran suka buƙata ya ishe su, kuma sun riga su komawa gida. Wanzaman gargajiya ma sun san wani abu daga wannan, shi ya sa suke ɗauke hankalin yaro da zance kafin su sa aska.

Sai zamanin kwamfuta ya kawo wani tabarau da in ka sa shi za ka ga kamar kana wani wuri daban, duk inda ka juya kai wurin na biye da kai. Ivan Sutherland ya haɗa irinsa na farko-farko a 1968. Daga 1996 Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washington suka fara sa wa masu ƙunar wuta shi a lokacin wanke rauni, hankalinsu ya tafi ga abin da suke kallo, zafin ya ragu.

A 2021 likitocin asibitin Clínic na Barselona a Sifaniya suka wallafa gwajin da suka yi da masu jiran aikin kansar hanji. Kafin ranar aiki, sai a sa wa majinyaci tabarau ya bi hanyar duka, tun daga shiga asibiti har ɗakin fiɗa da inda zai farfaɗo. Waɗanda suka yi wannan zagaye fargabarsu ta ragu. Wato darasin Egbert ne ya dawo da sabon kayan aiki: abin da ka riga ka gani ba ya firgita ka kamar abin da ka jahilta.

To mu fa? A Nijar sai a 2021 aka buɗe sashen gashin kansa na farko a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai, saboda haka wannan tabarau ba shi ne buƙatarmu ta gaba ba. Amma bayani ba ya cin kuɗi. In an ce za a yi wa naku aiki, ku tambayi likita da Hausa ko Tamashek: me za a cire, awa nawa, wace irin allurar barci, kwana nawa za a kwanta, ko za a sa jakar bayan gida a ciki, kuma ta ɗan lokaci ce ko ta dindindin?

Jini a bayan gida, ramewa ba dalili, da gudawa ko taurin ciki da suka ƙi wucewa, kada a ce basir ne a zauna. Kansar hanji in an gano ta da wuri, aiki na iya warkar da ita. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.