Yadda Ake Gane Ƙwari da Cututtukan Ganyayen Lambu a Kudancin Kogin Kaduna

Lambunan bakin Kogin Kaduna da Rafin Romi suna samar da alayyafo, latas, kabeji, lalo da yakuwa ga kasuwannin Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha. Manomanmu kan yi asara saboda fesa magani kafin a gane cutar. Don haka muka tsara waɗannan alamomi.

Yadda ake dubawa

A zagaya lambu da sassafe, sau 2 a mako. A juya bayan ganye, a kuma tuge tsiro guda a duba saiwarsa.

Alamomin ƙwari

1. Darɓa: ƙananan ƙwari masu taruwa a bayan ganye. Ganyen yakan naɗe, ya yi danƙo, tururuwa na binsa.
2. Tsutsar kabeji: ƙarama ce, koriya, takan ci ganye ta ƙasa ta bar fata shara-shara. In an taɓa ta, sai ta sauko da zare.
3. Fara: takan yagi ganye daga gefe.
4. Tsutsar saiwa: ido ba ya ganinta. Tsiro yakan yi yaushi da rana ko da an yi ban-ruwa, saiwar kuma ta yi ƙulle-ƙulle.

Alamomin cututtuka

1. Ruɓewar tsiro a wurin reno: gindi yakan sirance ya faɗi. Yawan ruwa da cunkoson iri ke jawo ta.
2. Baƙar ruɓar kabeji: rawaya takan faro daga bakin ganye ta shiga ciki, jijiyoyi su yi baƙi. A tuge a ƙone.

Idan kuwa tsofaffin ganye ne suka yi rawaya bai ɗaya, ƙarancin taki ne. Maganin ƙwari ba zai amfana ba.

Kira ga jama'a

A fara da tsince tsutsa da fesa jiƙon 'ya'yan dogon yaro. Kada a sayi maganin da ba shi da lambar NAFDAC, kuma a kiyaye kwanakin jira kafin yankan ganye, domin iyalanmu ne masu ci. Muna roƙon dagatai da masu unguwanni su haɗa manoma da malaman gona na Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jiha. Abin da ya gagara, a kai samfurinsa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya.