Agogon da Aka Aro daga Talabijin

A watan Agustan 1981 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur a Amurka. A cikinta akwai wani ɗan guntun Intel mai lamba 8253, wanda aka ɗora wa ƙirga lokaci. Injiniyoyin suna tsimin kuɗi, saboda haka ba su saya wa agogon dutsen kiristal nasa na kansa ba. Sun ɗauki mai bugawa sau miliyan 14.318 a daƙiƙa, wato ninki huɗu na mitar launin talabijin ɗin Amurka, suka raba shi gida 12. Da zarar guntun ya ƙirga bugu 65,536, sai ya taɓa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ajiye abin da take yi, ta gyara lokaci. Wannan taɓawa ita ake kira katsewa, kuma tana zuwa sau 18.2 a daƙiƙa, kusan kowane milisakan 55.

Ga masu rubuta wasanni wannan tafiyar hawainiya ce, domin kiɗa da motsin hoto suna bukatar bugu mai sauri. DOS kuwa gida ne marar ƙyaure: kowace manhaja tana iya kai hannu kan guntun ta sauya masa taki. Sharaɗin kawai shi ne ta riƙa miƙa wa tsohon mai kula da agogo rabonsa na 18.2, in za ta fita kuma ta mayar da komai yadda ta same shi. Wadda ta yi sakaci, sai a ga agogon na'ura yana gudu kamar an koro shi.

Babban abin kunya ya zo ne daga Turbo Pascal na 7, wanda Borland ya fitar a 1992. Manhajar da ke amfani da sashensa na CRT takan auna saurin na'ura da zarar an buɗe ta: ta ƙirga zagaye nawa za ta yi tsakanin bugu biyu, ta raba da 55. An tanadar wa amsar gurbin da ba ya ɗaukar fiye da 65,535. Da sauri ya haura wajen megahaz 200, musamman bayan fitowar Pentium II a 1997, amsar ta fi ƙarfin gurbin, manhajoji suka riƙa mutuwa tun daga bakin ƙofa da saƙon kuskure mai lamba 200. A ganina abin tausayi a nan shi ne mai neman gyara: zai tsefe abin da ya rubuta layi-layi bai ga aibu ba, domin ɓarnar ta auku kafin layinsa na farko ya fara aiki.

Windows NT ta ƙara dagula lissafi. Ta hana manhaja taɓa guntun, ta ba ta agogon kwaikwayo wanda bugunsa kan makara ko ya zo a cunkushe, sai kiɗa ya riƙa sarƙewa. Masu gyara suka koma dabaru: wasu suka sauya 'yan baitoci a cikin fayil ɗin manhajar, wasu suka ɗora wa na'ura aikin banza don ta rage gudu. DOSBox, da ya fito a 2002, ya kwaikwayi tsohuwar kwamfutar ɗungurungum har da guntun, ya kuma ba mutum damar rage saurin ƙwaƙwalwar da hannunsa har tsohuwar manhajar ta yarda ta buɗe.