enervate

enervate, aikatau. A tsotse wa mutum ƙarfi, a kashe masa jiki har kasala ta rufe shi. Asalinta daga Latin ne, enervare, tushenta nervus, wato jijiya: kamar a ce an zare wa mutum jijiya. Kalmar rubutu ce. A hira Bature weaken ko drain zai ce. An fi jingina ta ga zafin rana, zaman banza ko jin daɗin da ya wuce kima: The heat enervated the workers, zafi ya kashe wa ma'aikatan jiki. A kula: mutane da yawa, har da Turawan kansu, suna ba ta ma'anar energize saboda kamannin sauti, alhali kishiyarta ce.

Makusantanta: debilitate ta fi yawa a bakin likitoci, ga cuta mai kwantar da mutum irin su taifot. Sap kuwa a hankali take ci, kuma ana ambaton abin da ta cinye: sap his strength. Daga sojoji masu haƙa rami ƙarƙashin ganuwa ta samo asali.

Ɗalibin da ke shakka ya riƙe weaken, ta fi su shiga ko'ina.